Kofin da Na Ajiye a Gidan Baba Yos

Tun da na dawo daga Beljiyam ban huta da tambaya ba. Duk wadda ta shigo gidanmu a Limawa yi mini barka da dawowa, kafin ta gama gyara zama sai ta ce, "To Nafisa, ya ƙasar take?" In na fara ba da labari sai wata ta yi sallama, a koma farko. Ƙawata Rukayya ta ji labarin akwatina a filin jirgi har ta haddace shi, yanzu ita ke gyara mini in na tsallake wani wuri. Ita ce ta ce in rubuta kowa ya karanta, ni ma in samu in huta. To ga shi na rubuta. Akwai wani ɓangare da ban cika bayarwa a tsakar gida ba, domin yana son a zauna a natse, kuma shi ne ya fi tsaya mini a rai.

Karatu na 'yan makonni ne ya kai ni. Kimiyyar abinci na karanta, ina kuma aiki da wata ƙungiyar mata a nan Dutse masu ɗura kunun zaki da zoɓo a gora. Damuwarmu kullum ɗaya ce: kunun da aka dama da safe, kafin magariba ya fara tsami ya kumbura gora. Da aka samu gurbi a wani gajeren kwas kan tsiron hatsi da adana abin sha, sai aka ce ni zan je.

Baba ne ya raka ni Kano. Tsohon malamin firamare ne, ba shi da yawan magana, in ya yi ɗaya sai ka daɗe kana juya ta. Muka shiga motar haya da sanyin safiya. Direban, wani dattijo mai barkwanci da 'yan tasha ke kira Ɗanjahun, ya dubi akwatina ya ce, "Malam, ina za a kai 'yar tamu da wannan uban kaya?"

Baba ya ce, "Beljiyam za ta, karatu."

Ɗanjahun ya bugi sitiyari. "Beljiyam! Ƙasar gwanjo! 'Yata, don girman Allah in kin je ki gaya musu injin da suka aiko mini bara hayaƙi yake yi."

Mota ta ɗauki dariya. Wata mata a bayana ta taɓa kafaɗata ta ce in duba mata firji mai ƙofa biyu, wani kuma keken ɗinki yake so. Kafin mu haye gadar Wudil na zama dillaliyar mota guda. A filin jirgi Baba ya tsaya inda ake tsayar da masu rakiya, ya ce, "Ki riƙe sallarki, ki girmama waɗanda za su sauke ki."

Ban taɓa shiga jirgi ba sai ranar. Na manna goshina a taga ina kallon gizagizai a ƙarƙashina kamar audugar da aka shanya aka manta da ita. A Addis Ababa muka yada zango, inda na haɗu da wata Hajiya 'yar Haɗeja mai zuwa saro kaya. Ta ba ni gyaɗa soyayya, ta ce, "Yarinya, gorar ruwan nan da kike sha kada ki yar. Inda za ki babu buta." A duk shawarwarin da aka ba ni kafin tafiya, tata ce ta fi yi mini amfani.

A Brussels wani kare ne ya fara tarbata. Ya zo ya shinshina akwatina ya zauna kusa da shi kamar ya ga ɗan uwa. Jami'in da ke riƙe da shi ya ce in buɗe. Kilishin da Inna ta naɗe mini a takarda shi ya fara fitowa, ya ce ba a shiga da nama, ya jefa shi a wani kwando ina kallo. Har yanzu ban gaya wa Inna ba, in ta karanta wannan ta yafe mini. Sai ya kwance ƙullin daddawa, ya ja da baya har ya bugi tebur. Na yi masa bayani cewa 'ya'yan itace ne da aka dafa aka rufe su suka nuna. Ya kira abokin aikinsa, wani mai ƙiba, shi kuma ya kai hanci ya lumshe ido ya ce ai wannan ƙanshin cukun garinsu ne. Haka daddawata ta samu izinin shiga Turai.

Daga nan jirgin ƙasa. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne shirun. Tarago cike da mutane, amma ba ka jin komai sai ƙarar ƙarfe. Na gaida matar da na zauna kusa da ita, ta dube ni da ɗan tsoro kamar zan roƙe ta wani abu, sannan ta yi murmushi ta koma kan wayarta. Na tuna motar Ɗanjahun, inda kafin Gaya kowa ya san sunan kakan kowa.

Masu shirya kwas ɗin sun raba mu gidajen mutane a wani ƙaramin gari kusa da makarantar. Ni gidan wasu tsofaffi na faɗa, mata da miji, 'ya'yansu duk sun tashi. Matar ce ta tarye ni a tasha, doguwa mai farin gashi da saurin tafiya. Ta ce, "Sunana Marlin, mijina kuma Yos. Haka za ki riƙa kiranmu." Bakina ya ƙi. Ta yaya zan kira sa'ar kakata da sunanta gatsau? Na ce mata a wurinmu ba a yi, zan riƙa cewa Mama Marlin da Baba Yos. Ta yi dariya har ta dafa bango. Shi kuwa tsohon, gajere mai faɗin kafaɗa da manyan hannuwa, sunan ya yi masa daɗi ƙwarai. Har maƙwabci ya leƙa ta kan shinge ya gaya masa an naɗa shi Baba.

Suka ba ni ɗaki a sama mai taga a rufi. Mama Marlin ta riga ta cire naman alade daga girkinta tun kafin in zo, ta kuma tambayi inda gabas take don ta kawar mini da kujera. Lokacin zafinsu ne, rana ba ta faɗuwa sai can wajen lokacin da mu a gida an daɗe da yin isha. Ranar farko na yi ta leƙa taga ina jiran magariba har na fara gyangyaɗi.

A bayan gidan akwai wani dogon ɗaki na jan bulo da manyan tukwanen ƙarfe a ciki. Na yi tsammanin wurin tatsar madara ne. Da yammacin ranar da na sauka muka zauna a lambu, Baba Yos ya shiga ɗakin ya fito da kwalba da kofuna masu ciki kamar ƙaramin tulu. Ya karkata kofi yana zubawa a hankali kamar mai ɗura mai a fitila. Abin launin zuma ne da aka tsarma, rana na ratsa shi, ga kumfa fara tas a sama mai kauri kamar ta nonon da aka kaɗa. Daga gindin kofin wasu ƙananan ƙwayoyin iska suna ta hawa a layi kamar zare. Ban taɓa ganin abin sha mai kyan gani haka ba.

Ya miƙo mini. Dattijo ya miƙo maka abu da hannunsa a gidansa, ai ba ka tsayawa tambaya. Na sa hannu biyu na karɓa. Sai na kai shi kusa da hanci, don aikinmu ya saba mana da haka, ba ma kai komai baki sai mun shinshina. Nan take na gane giya ce. Na ajiye kofin a hankali a kan tebur, na ɗan tura shi gefe, na sunkuyar da kai. Ban ce uffan ba. A tarbiyyar da aka yi mini, wannan shi ne ladabi. Ba ka cewa babba "ba na shan abinka", sai ka yi kawaici, shi kuma ya fahimta, a wuce wurin ba wanda ya ji kunya. Baba Yos ya dubi kofin, ya dube ni, bai ce komai ba shi ma. Na ɗauka mun fahimci juna. Daga ranar, duk yammar da na ga ya nufi ɗakin bulo sai in ce ina da karatu in haye sama.

Kwanaki suka yi ta tafiya cikin daɗi. Mama Marlin ta ara mini kekenta. Rabona da keke tun ina 'yar firamare, ga doguwar riga. Ranar farko gefen rigata ya shiga sarƙa, na tafi a hankali kamar mai ruku'u na kwanta cikin shingen furannin wani gida. Mai gidan ta fito, maimakon faɗa sai ta kawo mini abin matse tufa irin na shanya. Da shi na riƙa ɗaure rigata har na dawo.

Abincinsu kuwa, da rana burodi ne da cuku mai sanyi, kowa ya ci nasa a tsaye. Mutum zai buɗe abincinsa a gabanka ya cinye bai ce maka bismilla ba, kuma ba rowa ba ce, haka suka tashi. Ni kuma in na ce "zo mu ci" sai su tsaya suna tambaya ko na ƙoshi ne. Dankalin turawa soyayye ne abin alfaharinsu, sau biyu suke soya shi, waje ƙaras ciki laushi. Wannan kam na yarda sun iya. Na barbaɗa masa yajin Inna, Mama Marlin ta ɗanɗana ta yi ta tari tana cewa in ƙara mata.

A aji muna da yawa daga ƙasashe daban-daban, amma wadda muka shaƙu ita ce Akosuwa, 'yar Ghana, Kirista, mai dariya da dukkan jikinta. Da ta ji gidan da nake zaune ta riƙe baki. Ta ce ai tsohon nan sananne ne a yankin, giyarsa mai ruwan zinariya ake jira duk shekara a bikin garin. Ita ta taɓa sha a wani shago. Na ce ta ba ni labarin ɗanɗanonta, tunda ni ba hanyata ba ce.

Ta ce, "'Yar'uwa, munafuka ce. Da farko za ta zo miki da zaƙi-zaƙi kamar 'ya'yan itace, mara nauyi, kumfar tana tsikarar harshe. Kafin ki haɗiye zaƙin ya gudu, bakinki ya bushe, wani ɗan ɗaci mai tsabta ya zauna a can baya. Sai ki ce ai wannan ruwa ne. Sai kin tashi tsaye za ki ji ɗumi ya sauka a ƙirji, ƙafafunki sun zama na wani. Ƙarfinta ya kusa ninka na giyar da aka saba. Sukari suke ƙara mata don ta yi ƙarfi ba tare da ta yi kauri ba."

Na ce, "To Allah ya tsare ni da mai fara'a irin wannan."

Ta ce, "Amin, ni ma ya tsare ni, amma ba yau ba."

Ana cikin haka na lura Baba Yos ya canza. Da, in na sauko da safe sai ya ce "Baba ya gaishe ki" yana dariya. Yanzu sai ya ɗaga hannu kawai. Ya daina zama a lambu. Ta tagar rufi ina hango shi yana shiga ɗakin bulo, ya ɗauko kwalba ya ɗaga ta a rana, ya juya, ya mayar. Na zaci ciwon tsufa ne.

Wata Asabar da hantsi muna feraye dankali a kicin, Mama Marlin ta ajiye wuƙa ta ce, "Nafisa, zan tambaye ki abu, ki gaya mini gaskiya. Me kika ji a kofin nan ranar da kika zo?"

Na tambaye ta me ya faru. Sai ta ba ni labari. Shekarun baya Baba Yos ya yi wata rashin lafiya, ya warke, amma hancinsa bai dawo ba. Ba ya jin ƙanshi ba ya jin wari, ɗanɗano ma sai zaƙi da gishiri da ɗaci. Yana ci gaba da aikinsa da ido da hannu da abin da ya sani tun yana saurayi. Ita da abokansa duk abin da ya ba su sai su ce ya yi kyau, shi kuma ya san ƙauna ce ke magana, ya daina yarda da su. Da ya ji za a kawo masa baƙuwa masaniyar abinci, wadda ba ta san shi ba balle ta ji tausayinsa, ya yi ta murna. Da ita Mama Marlin ta ce masa wataƙila ba na sha, ya ce in ba na sha ai zan faɗa, kuma ba zan karɓa ba.

Ta ce, "Sai kika karɓa da hannu biyu, kika shinshina, fuskarki ta canza, kika ture. Kuma tun daga ranar kina gudun kwalbar. Ya ce kin ji ta lalace ne, kirki ya hana ki faɗa. Na yi masa magana har na gaji. Ya ce jibi zai zubar da giyar bana gaba ɗaya, ba zai kai wa mutane ruɓaɓɓen abu a biki ba. Kuma in ya zubar, ya rufe ɗakin ke nan, ba zai ƙara hura wuta ba."

Na dubi hannuwana da ɓawon dankali a jiki. A nan gida kowa ya san abin da ajiye kofi cikin shiru yake nufi. A can, shirun nawa ya zama hukunci a kan aikin mutum na shekara da shekaru.

Na hau sama na kira Baba, mahaifina, a waya. Na zayyana masa komai, na ce ina tsoron abu biyu: in yi shiru in bar dattijo da baƙin cikin da ni na jawo, ko in yi magana ya zama ina yabon abin da aka hana mu. Baba ya ce, "Sha aka ce ki yi?"

"A'a, Baba."

"Sayarwa ko ɗauka?"

"A'a."

"To mutum ya fahimce ki ba daidai ba, kuma yana shirin yin asara a kan haka. Ki je ki gaya masa dalilinki a fili. In ya tambaye ki abin da kika ji, kada ki ƙara kada ki rage. Sauran kuma tsakaninsa da sana'arsa ne." Har zan kashe ya ce, "Kuma ki ɗaga murya. Ke in kina jin kunya ba a jin abin da kike cewa."

Na same shi a ƙofar ɗakin bulo yana jera akwatunan kwalabe kusa da magudanar ruwa. Na tsaya daga waje. Ban taɓa kallon babba ido cikin ido na gaya masa abin da ba zai so ba, sai ranar. Na ce, "Baba Yos, ni Musulma ce, ba na shan giya kowace iri, mai kyau ko mara kyau. Na karɓa ne don a garinmu ba a mayar da hannun babba. Na yi shiru ne don a garinmu haka ake ba da haƙuri. Ban san wani abu daban za ka ji ba."

Ya ce, "Marlin ce ta aiko ki."

"Ita ta gaya mini. Amma ba ta aiko ni in yi ƙarya ba."

Ya zauna a kan wani akwati, ya ɗora manyan hannuwansa a gwiwa. "Fuskarki ta canza. Na gani."

"Tsoro ne, Baba. Na tsinci kaina riƙe da abin da ban taɓa riƙewa ba."

"To me kika ji? Kin ji tsami irin na ruwan kal?" Na ce a'a. "Warin jiƙaƙƙen kwali?" A'a. "Ruɓaɓɓen ƙwai? Man shanu da ya kwana?" Duk na ce a'a. Ya girgiza kai. Ya ce "a'a" ba ta da wuya, kowa ma zai iya faɗa. In gaya masa abin da ke ciki.

Na rufe ido. Shaƙa ɗaya na yi ranar da na sauka, amma hanci yana da riƙo. Na ce abin da ya fara zuwa shi ne ayaba da ta nuna sosai, wadda ɓawonta ya fara ɗigo-ɗigo. Bayanta wani ɗan itace mai ruwa irin tuffa amma ya fi ta laushi. Sai ƙanshin burodi da aka fito da shi yanzu, can ƙasa-ƙasa. Akwai ɗanyar ciyawa kamar in an yi yanka bayan ruwan sama. Akwai ɓawon lemo, busasshe ba ɗanye ba. Sai wani ɗan yaji mai tsikari a ƙarshen hanci irin na masoro. A ƙarƙashin duka kuma akwai wani zafi siriri kamar na turaren fesawa, wanda shi ya gaya mini ko mece ce.

Da na buɗe ido na ga shi ma nasa a rufe suke. Ya ce, "Ci gaba."

Na ce, "Sai kanumfari. Ka sa shi daidai, bai yi yawa ba. Mu in muka cika shi a zoɓo sai ya danne komai."

Ya buɗe ido. "Kanumfari?"

"Eh."

Sai ya fashe da wata dariya da ta girgiza kafaɗunsa, ya ƙwala wa matarsa kira da harshensu. Ta fito da gudu tana goge hannu. Ya juyo gare ni ya ce tun da yake bai taɓa jefa ƙwayar kanumfari ko ɗaya a tukunyarsa ba. Yis ɗinsa ne ke haifar da wannan ƙanshin, irin da ya gada wurin wanda ya koya masa aiki yake ta rayawa, kuma ba ya ba da shi sai in yana cikin ƙoshin lafiya, zafin ɗaki ya yi masa daidai. Ya ce mai son faranta masa rai zai ce "ta yi daɗi", amma ba zai ƙirƙiro kanumfari ba. Ɓawon lemon kuwa shi ya sa, busasshe, ɗan kaɗan, ko Marlin bai gaya wa ba.

Ya sa bayan hannu ya goge ido. Ya ce, "Ashe tana nan yadda na bar ta." Sannan ya tashi ya fara mayar da akwatunan ciki ɗaya bayan ɗaya. Mama Marlin ta riƙe hannuna ta matse har ya yi mini zafi.

Ban je bikin garin ba, don na san abin da za a yi ta zubawa. Na zauna a lambu da ruwan tuffa ina jin kiɗansu daga nesa, tsuntsaye na ta kai-kawo a kan shinge. Akosuwa ta je, ta dawo tana ba ni labarin wai tsohon ya tsaya kan ganga yana musu da kowa, yana gaya musu abin da ya kamata su ji a kofinsu, har wani ya ce masa in ya san komai haka ya bar su su sha mana.

Ana saura kwana kaɗan in taho, da safe na ji wani ƙanshi ya cika gidan har ɗakina, irin na kunu a kan wuta. Na sauko na ga hayaƙi na fita ta bututun ɗakin bulo. Baba Yos ya leƙo da jar fuska, gumi na zuba, ya yafuto ni. Na tsaya a bakin ƙofa. Ya zo da kofin shayi na tangaran, tururi na tashi.

Ya ce, "Saurara kafin ki karɓa. Tsiron sha'ir ne da ruwan zafi, yanzu na tace. Ban sa furen da ke ba giya ɗaci ba, yis bai taɓa shi ba. Ba komai a ciki sai hatsi. Ke ma kin san wannan a karatunki. In kuma duk da haka ba kya so, ki ce ba kya so, da baki."

Na san gaskiya ya faɗa, don a makon nan muka yi irinsa a aji. Na karɓa, na yi bismilla, na kurɓa a gabansa. Ɗumi, zaƙi mai nauyi kamar zuma a ruwan zafi, da ɗanɗanon gasasshen hatsi da ke manne wa leɓe. Ya tsaya yana kallon fuskata kamar ɗalibi mai jiran sakamako.

Na ce, "Baba, zaƙin ya yi yawa. Kuma yana neman citta."

Ya juya ya kira matarsa. "Marlin! Zo ki ji. Wai aikina yana neman citta!" Yana faɗa yana dariya, ya koma kan tukunyarsa yana juyawa da doguwar muciya. Ni kuma na zauna a dokin ƙofa, rana na dukan ƙafafuna, na shanye kofin tas.

Dawowa ba ta da labari mai yawa. Jirgi ya sauke ni Kano da rana tsaka, zafi ya rungume ni tun daga matakala, Baba na tsaye inda na bar shi. Da muka doso gari na hango duwatsun Dutse sun yi jajir da hasken yamma, sai na ji yunwar tuwo ta taso mini gaba ɗaya. Iyakar abin da na gani ke nan, na kuma faɗe shi yadda ya faru. Allah ya saka wa waɗanda suka sauke ni da alheri, ya kai kowane matafiyi gida lafiya.